Yadda nake haɗa daren fim ɗin tsoro a watan Oktoba

Da Oktoba ta kama za ka ga Netflix da su Prime Video duk sun cika da fina-finan tsoro, ba komai ba ne Halloween ne ya matso. Bikin Turawa ne na daren 31 ga Oktoba, asalinsa wani tsohon biki ne na mutanen Ayalan da Sikotilan da ake kira Samhain, da yunwa ta kori 'yan Ayalan zuwa Amurka a shekarun 1840 sai suka tafi da abinsu, can ne ya koma na rabon alawa da fafe kabewa a kunna mata kyandir a ciki (mu dai kabewa a miyar taushe muka santa). Bikin ba namu ba ne kuma ban ce wani ya yi ba, amma fina-finan da ake zubowa a watan kam ina morarsu sosai.

Kafin komai ka san kala biyu ne. Akwai na fatalwa da aljanu da dodanni, akwai kuma na kisan da ya faru da gaske. Mutane sun ɗauka na farkon ya fi tsoro, wallahi ba haka ba ne. Na fatalwa zabura kawai za ka yi ka yi salati, ana gamawa a kunna fitila a yi ta dariyar wanda ya fi ihu shikenan. Na gaskiyar ne yake binka har kan katifa, saboda babu wanda zai ce maka kwantar da hankalinka ai fim ne. Don haka shi nake fara sakawa, ana idar da isha'i tun mutane na ta zirga-zirga a gida, na fatalwa ya biyo baya.

In na gaskiyar kake so, nemi Zodiac na 2007. Labarin wani makashi ne a arewacin Kalifoniya ƙarshen shekarun 1960, ya kashe mutum ya kuma zauna ya rubuta wa jarida wasiƙa yana yi wa 'yan sanda ba'a, har yau ba a kama shi ba. Ya wuce awa biyu da rabi kuma babu jini sosai, bincike ne zalla, mai gajen haƙuri zai yi gyangyaɗi. Ni dai wanda ya fi kama ni shi ne na Koriya ta Kudu, Memories of Murder na 2003, kan matan da aka yi ta kashewa a Hwaseong daga 1986 zuwa 1991. Lokacin da aka yi fim ɗin ba a san waye ba, shi ya sa a ƙarshe ɗan sandan ya juyo ya ƙura wa kyamara ido kamar yana neman mutumin a cikin masu kallo. Sai a 2019 gwajin DNA ya tona shi, ashe yana gidan yari tuntuni kan wani kisan daban. Ka kalla da wannan a ranka ka ji yadda tsikar jikinka za ta tashi.

Amma fa kar ka yarda da duk fim ɗin da ya rubuta wai labarin gaskiya ne, da yawa dabarar kasuwa ce. The Texas Chain Saw Massacre na 1974 haka aka tallata shi, alhali mutumin da aka ɗan tsakuro labarinsa, Ed Gein, a Wisconsin yake ba Texas ba, an kama shi a 1957, mata biyu ya amsa ya kashe kuma babu zarton inji a maganar. Ɗauki waya ka duba bayan an gama, ni wannan binciken ma ya fi min kallon daɗi. Ka tuna kuma waɗanda aka kashe suna da dangi a raye, da Netflix ta saki shiri kan Jeffrey Dahmer, wani makashi ɗan Amurka, a 2022 wasu iyalan sun fito sun ce ko tuntuɓarsu ba a yi ba.

Na fatalwa kuwa zaɓi ba ya ƙarewa, The Conjuring na 2013 ya isa, in kuma masu son fim ɗin Indiya ne a gidan a saka Tumbbad na 2018.

Sai shiri. Sauke fim ɗin tun da rana, babu abin haushi kamar data ta tsaya daidai lokacin da ƙofa ta fara buɗe kanta. Yi cajin laftop da pawa bank, don akwai ranar da aka ɗauke mana wuta ana tsakar kallo, ɗaki ya yi duhu ƙirin, sai ga labule na motsi, ƙanwata ta kurma ihu ta watsa min zoɓo a jiki, ashe mage ce ta shigo ta taga. Sauti shi ne rabin tsoron, haɗa da sifika ko da ƙarama ce amma kar a ƙure a tashi maƙwabta. A tanadi gugguru da gyaɗa. Yara su kwanta tukunna, kar ka ce ai yana wasa ba ya kallo, yana gani sarai, kai ne za ka sha raka shi banɗaki sati guda. Wanda kuma ya ce ba ya so a ƙyale shi, ba jarumta ba ce.

In an gama kar kowa ya tashi haka nan, a saka barkwanci na minti ashirin ko su Bosho ne a YouTube zuciya ta dawo daidai. Daga nan ka duba sakata, ka yi addu'ar barci, ka saita alam biyu don asuba.