Yadda ake gane fentin jitar lantarki ta hannu kafin a biya kuɗi

Na sha raka yara masu koyon kiɗa sayen jita ta hannu, kuma kusan kullum kuskurensu ɗaya ne: wadda ta fi ƙyalli ita suke rungumewa. Su jona ta da amfilifaya, su kaɗa tsirkiya biyu, su ce ta yi. Ba mai juya ta ya dubi bayan wuya, ba mai tambayar ko fentin da ke jikinta na kamfani ne ko na gareji. Alhali fentin nan shi ke gaya maka shekarunta, da wahalar da ta sha, da abin da mai sayarwa ba ya son ka gani.

Kafin ka fita, sa abu huɗu a aljihu: ƙaramin sukudireba, tsinken goge kunne mai auduga, ruwan goge jan farce wanda aka rubuta asiton a jikin kwalbarsa, da 'yar tocilan nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita. Dukkansu ba su kai kuɗin tsirkiya saiti ɗaya mai kyau ba. Kuma ka je da rana tsaka. Idan hoto kawai aka turo maka a WhatsApp aka ce ka tura kuɗi, wannan cinikin biri a sama ne, ka bar shi.

Fara da sunan da ke kai

Fenti iri uku za ka fi haɗuwa da su. Akwai naitiroselulos, wanda makaɗa ke yanke wa suna su ce naitiro. Akwai foli, wato foliyesta da foliyuretan, waɗanda a zahiri roba ce aka fesa ta daskare. Sai wanda ba ya ƙyalli, ko dai fenti mai dishi-dishi ko kuma mai kawai aka shafa wa katakon, kamar wuyan jitocin kamfanin Music Man da yawa.

Sunan kamfani zai rage maka rabin aiki. Gibson har yau naitiro take fesawa a masana'antarta ta Nashbil a Amurka. Fender da naitiro ta fara, tana ma ɗaukar launukan motoci na kamfanin DuPont, amma bayan kamfanin CBS ya saye ta a 1965 sai ta koma foli wajajen 1968. Yanzu sai a wasu jitocinta na musamman ake samun naitiro, irin na Custom Shop da Road Worn. Squier da Epiphone da Ibanez da Yamaha da Cort, waɗanda su ne suka cika kayan gwanjon da ke iso mana, ka ɗauka foli ne kawai. Saboda haka idan ka ga an rubuta Gibson amma fentin ya yi kauri kamar an tsoma ta cikin gilashi, ka tsaya. Dubi 'yar murfin da ke kai, can inda wuya ya ƙare: ta Gibson noti biyu ke riƙe da ita, jabun da ake yi da yawa uku suke sa wa.

Nemi rauni, ka karanta shi

Kada ka dubi inda ke da kyau. Nemi inda jitar ta bugu, gefen ƙasa, wajen maƙalin igiyar rataya, ƙarshen kai. Foli ɓantarewa yake yi, kamar yadda fentin langa ke tashi idan ta faɗi a siminti. Za ka ga bakin wurin da kaifi, kuma farcenka zai ji tudu tsakanin fenti da katako. Foliyesta ya fi kauri, wani lokaci kamar ɓawon ƙwai biyu a haɗe. Shi naitiro siriri ne, ba ya ɓantarewa haka, cinyewa yake yi a hankali inda damtse ke gogawa da inda bel ke karta a baya, har katako ya fito sumul ba tare da tudu ba.

Tsohon naitiro kuma yana tsagewa siriri-siriri kamar gashi, musamman idan ya fito daga sanyi ya shiga zafi kwatsam. Fari yakan koma ruwan madara, shuɗi ya karkata zuwa kore. Waɗannan tsagun ba aibi ba ne, yara da yawa suna gudun jita mai kyau saboda su. Amma a kula, tun da Fender ta fara sayar da sababbin jitoci masu kamar tsofaffi a 1995, wasu suka koyi yin tsagun da reza. Na reza sun cika miƙewa, kuma farce yana kama su sosai. Sansana jitar ma. Naitiro na da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, an fi jin sa idan aka buɗe akwatin jitar, foli kuwa ba ya ƙamshin komai. In ka ji warin tina irin na garejin masu fentin mota, to kwanan nan aka fesa.

Bayan wuya, inda na ƙone

A nan nake so ka ɓata lokaci, don a nan na yi asara. Shekarun baya na sayi wata jita mai siffar Les Paul, wato wani samfurin jitar Gibson, a hannun wani dillali. Jikinta ja ne mai duhu, ana ganin zanen katako ta cikin fenti, amma daga tsakiyar wuya zuwa kai launin yana ƙara duhu har ya zama baƙi ƙirin. Na ɗauka ado ne. Da hunturu ya kama, iska ta bushe, sai jitar ta daina riƙe saiti, in ɗaure tsirkiya yanzu, kafin a gama waƙa ɗaya ta saki. Wata safiya na ga wani layi ya fito a bayan kai kamar murmushi. Ashe kan ya taɓa karyewa, aka liƙe shi da gam marar kyau, aka cike da bodi-fila, aka fesa baƙi a kai. Kuɗin gyaran ya kusa kai rabin abin da na biya.

Irin wannan jita an san ta da karyewa a daidai wurin. Kan Gibson a lanƙwashe yake baya da digiri 17, katakon mahogani ne, kuma nan ne aka rarake don ƙarfen da ke cikin wuya, sai wurin ya zama siriri. Faɗuwa ɗaya daga jingine ta isa. Don haka duk jitar da ka ga launi ya yi duhu a bayan kai ba tare da dalili ba, ka zarge ta har sai ta wanke kanta.

Ga yadda nake yi yanzu. Ina fita da ita waje, in karkata ta yadda hasken rana zai kwanta a kan wuyan, ba ya faɗo kai tsaye ba. Fentin kamfani a kwance yake kamar ruwa a faranti. Na gyara yakan yi gurji-gurji kamar ɓawon lemo, ko ka ga wata 'yar iyaka inda sabo ya hau tsoho. Sai in rufe ido in bi wurin da babban yatsa daga sama zuwa ƙasa, sau uku ko huɗu, domin yatsa na jin abin da ido bai gani ba. Daga nan in duba lambar da aka buga a bayan kai: idan ramin lambobin ya cike, sun dushe, an ƙara fenti a kansu.

Sannan tocila. Shiga inda ke da duhu, ko ka lulluɓa da babbar riga, ka haska. Tsohon naitiro yana ba da haske kore-kore mai ɗan rawaya, inda aka yi faci kuwa sai ya fito da duhu kamar tabo. A kan foli ba ta nuna abin sosai haka, amma layin gam yakan bayyana. Ina haska wuya gaba ɗaya, da mahaɗar wuya da jiki, da kewayen ramin da ake soka waya. Kai da aka gyara da kyau yana iya yin shekaru bai motsa ba, ni ma zan saya, amma da sanina kuma da farashin karyayye. Abin da ba na yafewa shi ne a ɓoye.

Wani abu da ke tsorata masu koyo a banza: 'yar tsaga a gefen ramin da wuyan Fender ko Squier ke zama. Mafi yawanci fentin ne kawai ya tsage. Riƙe jiki, ka ɗan girgiza wuyan. In tsagar ba ta buɗe ba, wuce.

Gwajin asiton, a ɓoyayyen wuri

Wannan sai da izinin mai kaya, kuma sai ka riga ka yi niyyar saye. Kwance murfin baya inda wayoyi suke, ko faifan robar da ke gaba. Tun kafin gwaji ma ka duba: launin da ke ƙarƙashi ya yi daidai da na waje? Idan ciki ja ne waje fari, an sake fenti. Idan fenti ya shiga ramukan noti ko ya fantsama kan wayoyi, haka nan. Sai ka jiƙa kan tsinken kaɗan, ka taɓa inda murfi zai rufe. Naitiro zai yi laushi nan take ya yi danƙo, foli ko gezau. Na taɓa ganin yaro ya ɗiga a gaban jitar abokinsa, tabon yana nan har yau, saboda haka kwalbar ta yi nesa da jitar. Kuma narkewa ba ta nufin asali, fentin mota ma wani yana narkewa.

In an yi sa'a ka ci karo da Fender ta shekarun 1970, za ka ga fuskar kai ta fi sauran wuyan ja. Ba gyara ba ne, wurin kaɗai suka ci gaba da fesa wa naitiro.

Farashi da riƙo

Tsohuwar jita mai daraja da aka sake wa fenti takan rasa kusan rabin kuɗinta a wurin masu tara su. A kan Squier kuwa abin da zai dame ka kawai shi ne mene ne aka rufe. Kada ka ƙara ko sisi don an ce maka naitiro ya fi sauti, a jitar lantarki maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya da amfilifaya da yatsunka ne ke magana. Wanda zai riƙa yawon biki da jita a bayan babur, ko ya yi kiɗa a fili cikin ƙura irin ta Agadas, foli zai saya, shi ke jure gumi da rana.

In kuma naitiro ka samu, kada ka jingine ta a mazauni mai baƙar roba sai ka naɗa tsumman auduga, robar tana cin fentin. Turare da man shafawa na sauro su ma suna narka shi, ka wanke hannu kafin ka ɗauka. Kada ka bar ta a but ɗin mota da rana, kuma da hunturu in ka shigo da ita daga waje, bar ta cikin akwati ta ɗan huta kafin ka buɗe.