Shawara kafin a ƙara aksil a bayan a-kori-kura

'Yan uwa masu ɗaukar masara daga Giwa da Soba zuwa Zariya, ga shawara ga duk mai niyyar ƙara aksil (wato ƙarfen da ke riƙe tayoyin hagu da dama) na biyu a bayan motarsa domin jan tirela mai nauyi.

Ƙarin aksil yana raba nauyin da ke danne bayan mota, amma ba ya ƙara wa inji ƙarfi, domin giya da kuloci da lagireto suna nan yadda kamfani ya ƙera su. Ko sababbin Hilux, kilo 3,500 ne iyakar abin da aka yarda su ja, shi ma sai tirelar tana da birkinta.

Inda aka fi yin kuskure shi ne aksil ɗin da inji ba ya juya shi. Yakan ɗauke nauyi daga tayoyin da ke tura motar, saboda haka da damina, a hanyar gona mai taɓo, sai ka ga tayoyin tsakiya suna ta juyawa a banza, na baya kuwa sun dafe ƙasa. A kwana mai tsanani, irin na lungunan Sabon Gari, tayoyin kan goge kwalta su cinye da wuri.

Idan ya zama dole, a tabbatar makanike ya ƙarfafa shasi da faranti da kusoshi, ba walda kaɗai ba, ya kuma haɗa wa sabon aksil birki. Sannan a tuntuɓi jami'an duba lafiyar motoci kan takardu. Ni dai a ganina, kuɗin wannan aiki gara a tara su a sayi motar ɗaukar kaya ta Canter.