Yadda ake neman garin da ya ɓace, kafin a kai ga ɗaukar shebur

Mutane da yawa in sun ji an ce an gano tsohon gari sai su ɗauka kawai tono aka yi ta yi har aka dace. Ina! Tono shi ne na ƙarshe, don duk ƙasar da ka ɗaga ba za ta koma yadda take ba har abada.

Ka fara da takardu: tsoffin taswirori, rajistar haraji, takardun cinikin fili. Garin Trellech da ke Wales misali, lissafin 1288 ya nuna filayen gidaje 378 a cikinsa, yau kuwa ɗan ƙauye ne, ka ga dole mutum ya tambaya ina sauran suka shiga. Daga nan sai ka taka da ƙafarka, idonka a ƙasa, kana neman tsingaro da gawayi da kashin ƙarfen maƙera. A can Trellech ɗin ma wasu ƴan dabbobi masu haƙa rami ne suka riƙa turo fasassun tukwane waje, shi ya sa wani mai binciken kayan tarihi, Stuart Wilson, ya sayi wata gona a wurin a 2004 kan fam 32,000 ya shiga tono.

Sai kallo daga sama. Lokacin fari ciyawar da ke kan bangon da ya nutse ita ke fara bushewa, wadda ke kan tsohon kwari kuma tana nan kore shar, toh in ka ɗaga jirgi mara matuƙi sai ka ga layin tituna da gidaje kamar an zana da alli. In daji ne mai duhu sai na'urar leza, ita ce ta fito da fasalin tsohon birnin Mahendraparvata a Kambodiya a 2012. Akwai kuma mai auna maganaɗisun ƙasa, da irinta aka gano gurbin cocin Rungholt na Jamus a 2023, garin da teku ya cinye tun 1362.

Bayan duk wannan ne, kuma sai da izinin hukuma da na mai fili, za ka buɗe ɗan ƙaramin rami. Cokalin magina da burushi, shimfiɗa bayan shimfiɗa, komai ka ɗauki hotonsa ka rubuta zurfinsa kafin ka ɗaga. Gawayi da ƙashi a kai su gwajin kabon don a san shekarunsu. Kuma dan Allah kar ka yi saurin sa wa kufan suna don ka ga bango ɗaya, wataƙila garken wani manomi ne.