Babi na 7: Idan Bayan Gidan Yaro Ya Yi Tauri

Darasi na 1: Yadda za ku gane

Ku karanta a hankali, babu mai korar ku. Idan mako ya zagayo yaro bai yi bayan gida sau 3 ba, ko kuma kashin na fitowa da tauri, yana nishi yana kuka, to cikinsa ya bushe. Jaririn da nono kaɗai yake sha yakan yi kwanaki bai yi ba. In ya fito da laushi, lafiya lau.

Ga yadda abin ke farawa. Kashi ya yi masa zafi sau ɗaya, sai tsoro ya kama shi, ya riƙa matsewa. Hanji kuma yana ta tsotse ruwan kashin, taurin ya ƙaru. Wani lokaci mai ruwa-ruwa ya zuraro ta gefe ya ɓata wando. Ba zawo ba ne, ba kuma da gangan ya yi ba. Kada ku doke shi.

Darasi na 2: Zaman fo

A nan aka fi tuntuɓe. Da ya gama cin abinci, ku zaunar da shi a fo na minti 5. Bayan cin abinci nake nufi, domin a lokacin hanji ke motsi. Ƙafafunsa su taka ƙasa ko ƙaramar kujera, kada su yi reto. Gwiwoyinsa su ɗan ɗara ƙugu.

In ya yi, ku yaba masa. In bai yi ba, ku yaba masa tunda ya zauna, gobe a sake. Za ku iya.

Mu maimaita: ya ci, ya zauna, minti 5. Kullum.

Wasunku sai su gwada kwana biyu su ce ba ya aiki. Haba! Cikin da ya yi watanni a ƙulle zai saki a kwana biyu? Wasu kuma su tsaya a kan yaro suna tsawa. Yaron da ke tsoro matsewa yake yi. Ya ci, ya zauna, minti 5, ba tsawa.

Darasi na 3: Ci da sha

Ruwa isasshe, 'ya'yan itace, ganye da wake. Ku bar shi ya yi wasa da guje-guje. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nono ya ishe shi.

Darasi na 4: Asibiti

Kada ku tura masa sabulu a dubura. Ku kai shi asibiti idan cikinsa ya kumbura, ko yana koren amai, ko akwai jini, ko yana rama, ko jariri ya wuce awa 48 da haihuwa bai yi kashin farko ba. Maganin da likita ya bayar yakan ɗauki watanni. Kada ku daina sai ya ce.