Kurakuran da ke rusa gidajen Balad da aka kulle a Jidda

Duk wanda aka damƙa wa makullin tsohon gida a Balad, tsohon garin Jidda, ko mai gadi ne ko wakilin magada, abin da ya fara yi shi ne ya rufe tagogi ruf, ya danna kwaɗo, ya ce ya riƙe amana. Daga nan ɓarnar ke farawa. Gidajen unguwannin Sham da Mazlum da Yaman da dutsen murjani aka gina su, wanda magina ke ce wa mangabi. Dutse ne mai ƙananan ramuka, yana shan danshi, iska kuma ita ke busar da shi. Amfanin tagogin katakon nan masu ado, roshan, ke nan. Ka toshe su da falanki ko leda, in ka leƙa bayan 'yan watanni warin ruma ne zai tarbe ka, gishiri ya yi fari fat a gindin bango. A sa raga saboda tattabaru, a bar iska ta ratsa, kuma a riƙa zagaya gidan duk mako har saman soro.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne siminti. Mutum zai ga yaɓe ya ɓamɓare, ya kira lebura, a kwaɓa buhu biyu, a shafe, a bi da fentin mai. Mako guda bango na sheƙi, kowa na sa albarka. Amma siminti ya fi mangabi tauri, kuma ba ya barin ruwa ya fita. Ruwan ƙasa a Balad yana kusa, ga gishiri, sai ya yi ta hawa ta cikin bango yana cin dutsen a ɓoye. Ranar da yaɓen ya faɗo, sa yatsa ka ji: gari ne ke zuba. Wanda ya taɓa ganin an yi wa ginin ƙasa na cikin birnin Kano yaɓen siminti ya san wannan ciwon. Maganin shi ne nura, farar ƙasar da aka yi yaɓen da ita tun asali, da magini wanda ya iya ta. Ya fi tsada, ya fi jinkiri, kuma ba kowane mai riƙe da cokalin gini ne ya iya ba.

Akwai kuma itatuwan da ake jerawa a kwance cikin bango, takalil, masu rarraba nauyin benen. Mutane na mantawa da su don ba sa ɗaukar ido. Ƙwanƙwasa da makulli. In ka ji sautin fanko, gara ko ruɓa ta shiga. Kada ka zare shi da kanka.

"Ai Jidda ba a ruwa" magana ce ta wanda ya manta ambaliyar Nuwamba 2009 da ta Janairu 2011. A share indararo kafin sanyi ya shigo, don lokacin ne ake ruwan. A kashe famfo daga tushe, a zubar da ruwan tankin soro, don ɗigon da ba mai gani ya fi ruwan sama ɓarna.

Wasu kuma gani suke zaman gida haka nan asara ce, sai su ba 'yan kasuwar Suƙul Alawi ƙasan gidan a yi sito. Katan-katan na atamfa da turare, wayar wuta da aka jawo daga maƙwabta, ga busasshen katako a sama. Balad ta sha gobara, kuma lungunanta ba ko'ina motar kashe wuta ke shiga ba. Gidan da ba kowa, a yanke masa wuta daga mita.

Amma uwar matsalar ita ce gidan da magada suka yi yawa, wani a Makka, wani a Riyad, kowa na jiran ɗan'uwansa. Suwakin ta Sudan, inda alhazanmu na da suka sha hawa jirgin ruwa, irin wannan ginin ne da ita; da aka buɗe tashar Port Sudan a 1909 'yan kasuwa suka ƙaura, gidajen suka yi ta zubewa ba tare da an sa musu diga ba. Magada su ba mutum ɗaya wakalci a rubuce, da asusun ƙananan gyare-gyare.

Tun da UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa Balad cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, taɓa gini ba izini jawo wa kai magana ne. Shirin kula da tsohon garin yana ƙarƙashin Ma'aikatar Al'adu ta Saudiyya, can ake neman izini. A 2019 an ware riyal miliyan 50 don ceto gidaje 56 da ke daf da faɗuwa, sai dai naɗe hannu ana jiran layi ya zo shi ma kuskure ne. Ɗauki hoton kowace tsaga, ka ja layi da fensir a ƙarshenta, ka rubuta kwanan wata. In ta wuce layin, ko daɓen bene ya fara lotsawa, hana kowa shiga, ka kai rahoto a ranar.