Yadda na gyara wajen ɗaure zarton injin yankan katako

Kwana uku zarton, irin mai kama da bel da ke zagaye wili biyu, sama da ƙasa, yana ta zamewa daga kan wili, ina murɗa hannun ɗaurewa yana juyawa kawai baya kamawa. Na canza zarto, na taɓa saitin wilin sama, duk a banza. Ashe notin da ke kan dogon ƙarfen da hannun ɗaurewa ke juyawa ne haƙoransa suka cinye, ga garin katako ya cushe hanyar da wilin ke hawa da sauka.

Na cire wuta tukuna, na sauke zarton, na kwance ƙarfen na wanke shi da kananzir, na kankare garin, na sa sabon noti da ɗan giris, sifirin ɗin lafiya lau na mayar da shi. Na ɗaure har in ka danna zarton da yatsa matsawarsa bata wuce milimita 6, na juya wili da hannu kafin in kunna.

Alhamdulillah, Allah ya saka wa maigidana da ya ce in duba notin.