Yadda na ɗora injin M50 a tsohuwar BMW E30 ɗina

Wallahi sati uku motar nan ta yi a garejin bakanikena a Gombe, na sayo injin M50 ɗan Beljiyam wanda aka ciro daga wata BMW samfurin E36, muka zo saukar da shi cikin motar ya ƙi zama sam, ashe kaskon mai na ƙasa ne ke dukan ƙarfen da ya ratsa ƙarƙashin injin, don na E36 tumbinsa, wato wurin mai zurfi da mai ke taruwa, a baya yake. Sai da na aika Kano aka samo min kaskon BMW samfurin E34 mai tumbi a gaba, haɗe da bututun tsotso mai, nan take ya zauna daram. Bustar burki, wadda ke ƙara wa burki ƙarfi, ita ma ta tokare manifol, wato bututan da ke kai iska cikin injin, muka sa ƙarama. Rewaya kuwa kwana biyu yana fama da wayoyin biren bos, wato kwamfutar injin, kafin motar ta tashi, ya ce "Alhaji ƙara min kuɗin shayi", ban ma yi musu ba.